Farin jinin masu shan jini: me ke riƙe matasa cikin waɗannan dogayen labarai?

Me zai sa yarinya 'yar shekara 15 ta karanta littafi shida a jere, shafi sama da 2,000, kan wasu halittu da ke rayuwa da jinin mutane? Amsar da aka fi ji daga waɗanda ba su taɓa buɗe littattafan ba ita ce, ai kyan saurayin ne ke ruɗin 'yan mata. Zancen ya sake tasowa a 2025, lokacin da littafin Twilight na Stephenie Meyer ya cika shekara 20 da fitowa, aka ga yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba a 2005 suna ta gardama a TikTok kan taurarinsa kamar jiya aka buga shi.

Kyau yana sa a ɗauki littafin farko, wannan gaskiya ne. Amma kyan fuska ba ya kai mai karatu littafi na shida. Abin da ke kai shi can shi ne son ganin yadda wani da ya shaƙu da shi zai sauya, da kuma abin da sauyin zai ci masa. A nan ne wasu jerin labaran suka tsaya da ƙafafunsu, wasu kuma suka zube duk da miliyoyin kwafin da suka sayar. Wanda bai karanta su ba ya yi haƙuri, babu yadda za a yi wannan bayani ba tare da tona ƙarshen wasu labaran ba.

Bamfaya daban, maye daban

Kuskuren farko da mai karatu Bahaushe ke yi shi ne ɗaukar bamfaya a matsayin mayen Turawa. A tunaninmu na gargajiya maye rayayyen mutum ne da ke zaune cikin jama'a, kurwa yake kamawa, wanda aka kama kuma sai ya yi ta ramewa har a matsa wa wanda ake zargi ya tsallake shi. Bamfaya kuwa a camfin Gabashin Turai gawa ce da aka binne, take tashi da dare tana tsotsar jinin danginta da maƙwabta. A 1725 wani jami'in daular Ostiriya ya rubuta rahoton yadda mutanen wani ƙauye a Sabiya suka tone kabarin wani mai suna Petar Blagojevic, suka soke gawar da tsinin itace, suka ƙone ta. Wani rahoto makamancinsa na 1732 ne ya watsa kalmar cikin jaridun Yammacin Turai. Wancan bamfayan na ƙauye kumburarre ne, mai wari, babu abin sha'awa a tare da shi.

Shi kuma adabin matasa da ake magana a kai, rukuni ne da kamfanonin ɗab'i na Amurka da Ingila suka ware wa 'yan shekara 12 zuwa 18. Babban tauraro yakan kasance ɗan shekara 16 ko 17, kuma sau da yawa shi ke ba da labarin da bakinsa. Sai dai masu sayen ba yara ba ne kaɗai. Wani binciken kasuwa da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen irin waɗannan littattafai sun kai shekara 18 ko sun haura.

Yadda dodo ya koma saurayi

Marubuta ne suka wanke gawar nan suka sa mata riga mai tsada. John Polidori ya fara a 1819 da wani basarake mai kyan ɗan maciji, mai shiga taron manya yana yaudarar mata. Dracula na Bram Stoker a 1897 ya kafa dokokin da har yau ake juyawa, amma a cikinsa dodon abin farauta ne, daga bakin masu farautarsa ake jin labarinsa. Babban juyi ya zo a 1976, da Anne Rice ta miƙa wa mai shan jinin bakin magana, ya zauna yana ba da tarihinsa cikin nadama da ƙyamar kansa. Daga ranar da mai karatu ya shiga zuciyar dodo, tausayi ya samu ƙofa.

Matasa suka karɓa daga farkon shekarun 1990. L. J. Smith ta fitar da littattafai huɗu na The Vampire Diaries tsakanin 1991 da 1992, shirin talabijin na Buffy ya gudana daga 1997 zuwa 2003, marubuci ɗan Ailan Darren Shan ya rubuta jeri mai littafi 12 daga 2000 zuwa 2004. Twilight ya zo a 2005 ya ɓalle dam ɗin: cikin shekara biyu sai ga Morganville na Rachel Caine a 2006, ga Vampire Academy na Richelle Mead da House of Night na P. C. Cast da 'yarta Kristin, duka a 2007.

Kayan haɗin farin jini

Idan aka warware taurarin da suka fi shiga ran masu karatu, abu na farko da ake samu shi ne ƙishi da kamun kai a jiki ɗaya. Dubi haɗuwar farko ta taurarin Twilight, Bella 'yar Adam da Edward bamfaya, a ajin nazarin halittu. Ta zauna kusa da shi, ya ja kujerarsa can ƙarshen teburi, ya kau da fuska kamar mai jin wari, ya dunƙule hannu bai sake ba har aka tashi. Ita ta ɗauka tsanarta yake yi, alhali kokawa yake da ransa kada ya kashe ta. Matashin da ke fama da sha'awa da fushi da kunyar jikinsa a lokaci ɗaya ya san wannan kokawar ko da bai taɓa jin kalmar bamfaya ba. Meyer ta ma sanya wa kamun kan ma'auni a fuska: idon mai shan jinin dabbobi ruwan zinare ne, na mai shan jinin mutane ja, idan ƙishi ya yi tsanani kuma sai ya koma baƙi. Mai karatu na iya duban idon tauraro ya san inda yaƙin cikinsa ya kwana.

Abu na biyu doka ce mai farashi. Ƙarfin da ba a biyan komai a kansa ba ya jan hankali. A labarin Mead, baiwar warkarwa da Lissa, aminiyar jarumar, take da ita tana cin hankalinta, duk lokacin da ta yi amfani da ita baƙin ciki na ƙara danne ta. A labarin Shan, yaron ya yarda ya zama rabin bamfaya don a ceci ran abokinsa, kuma sharaɗin shi ne ya yi mutuwar ƙarya. Yana kwance kamar gawa, yana jin kukan iyayensa a kansa, ba shi da ikon ya motsa ya ce musu yana raye, har aka binne shi. Yara maza da yawa da ba ruwansu da labarin soyayya, wannan wurin ne ya ɗaure su.

Sai kuma dangin zaɓi. Kusan kowane jeri yana ɗauke tauraro daga gidansu ya kai shi makarantar kwana ko wani gida da ba jini ya haɗa mutanensa ba: makarantar St. Vladimir a jihar Montana, makarantar dare ta Tulsa, gidan likita Carlisle Cullen, uban riƙon Edward, a garin Forks. Wannan na ba marubuci taurari biyar zuwa takwas da zai riƙa juyawa, kowane mai karatu ya samu nasa. Sau da yawa ƙananan taurarin nan sun fi manyan nama. Rosalie ta gidan Cullen, wadda ake gani kamar mai baƙin hali kawai a littafin farko, sai a na uku aka ji cewa wanda zai aure ta da abokansa ne suka yi mata fyaɗe suka bar ta a bakin mutuwa a 1933, kuma abin da take ƙi a zaɓin Bella na zama bamfaya shi ne ganin tana watsi da haihuwa da tsufa, abubuwan da ita aka ƙwace mata. Babi ɗaya ya juya duk abin da mai karatu ya ɗauka game da ita.

Matsalar wanda ba ya tsufa

Masu nazarin adabi suna raba taurari gida biyu: miƙaƙƙen tauraro da ke fita labari yadda ya shiga, da tauraro mai gammo da al'amura ke lanƙwasawa. Adabin matasa kacokan kan girma ya ginu, kan barin yarinta. Bamfaya kuwa an daskarar da shi a ranar da aka juya shi. An haifi Edward a 1901, aka juya shi a 1918 yana kwance da murar da ta addabi duniya a wancan lokaci, ya tsaya a shekara 17 har abada. A kansa ne karin maganar hali zanen dutse ya fi dacewa. Ta yaya za a rubuta labarin girma da wanda lokaci ba ya taɓawa?

Marubuta sun bi hanyoyi daban-daban. Rice ta mayar da daskarewar kanta abin tsoro, ta hanyar Claudia, yarinya 'yar kimanin shekara biyar da hankalinta ya girma ya zama na mace, jikinta ya ƙi. Shan ya rage gudun agogo ne kawai, rabin bamfaya na tsufan shekara ɗaya cikin kowace biyar, don haka tauraronsa na komawa garinsu ya tarar ƙanwarsa ta zama uwa, shi yana nan da fuskar yaro. Mead ta raba jinsin uku, daga sunayen da ke camfin Rumaniya da yankin Balkan: Moroi rayayyu ne, ana haifarsu, suna tsufa, suna mutuwa, Strigoi matattu ne marasa imani, dhampir kuma ruwa biyu ne, su ke gadin Moroi. Da wannan dabara ta samu taurari masu shan jini waɗanda kuma ke da ranar haihuwa, da jarrabawa, da gobe.

Yadda ake gina sauyin hali: misalin Rose

Sauyin da ke gamsarwa yana da matakai da ake iya bi da yatsa. Tauraro na farawa da wata fahimta gurguwa da ya riƙe kam. Fahimtar ta jawo wa wani cutarwa, ba shi kaɗai ba. A yi asarar da ba ta dawowa. Sannan irin yanayin farko ya sake zagayowa, a ga ya zaɓi wani abu daban. Idan aka tsallake ɗaya daga ciki, mai karatu zai ji ana gaya masa cewa wane ya sauya, amma bai gani da idonsa ba.

Rose Hathaway, jarumar Vampire Academy, dhampir ce mai koyon gadin aminiyarta Lissa, 'yar Moroi. Ta shiga labari tana da shekara 17, ga baki, ga saurin hannu, ga alfahari. Abu biyu ta yarda da su: cewa jarumta ita ce faɗa wa abokin gaba ba tare da tunani ba, da kuma taken da aka raine ta a kai, cewa ran Moroi na gaba da nata. A littafi na biyu an koya mata kuskuren na farko da tsada. Masu gadi na da al'adar yi wa wanda ya kashe Strigoi ɗan zane a ƙeya, ɗaya kan kowane kisa, kuma Rose ta daɗe tana kwaɗayin zanen, tana jin haushin mahaifiyarta da ta tara su ta bar ta a makaranta tun tana ƙarama. Cikin fushi ta kwarmata wa abokinta Mason sirrin inda Strigoi suke ɓoye a garin Spokane. Ya kwashi abokai biyu suka tafi neman suna. Ta bi su, aka kama su duka, kuma a wajen tserewa Mason ya dawo don ita, aka karya masa wuya a gabanta. Ta kashe Strigoi biyu da wani tsohon takobi mara kaifi. Da aka zo aka tarar da ita, tana tsugune kan gawarsa ta ƙi barin kowa ya matso. Ranar da aka yi mata zanen nan biyu da ta yi ta mafarki, babu murna ko ɗaya a tare da ita, kuma a ranar ne ta fahimci shirun mahaifiyarta.

Abin lura shi ne Mason bai dawo ba. Fatalwarsa ta bayyana a littafi na uku, amma rai ya tafi ke nan, kuma bakin Rose ne sila.

Fahimta ta biyu ta fi wuyar tumɓukewa, shi ya sa marubuciyar ta ba ta littafi huɗu. A na uku Rose ta fara jin nauyin cewa an tsara rayuwarta kaf don wata, ko da watan aminiyarta ce. Da aka juya malaminta kuma masoyinta Dimitri ya zama Strigoi, ta bar makaranta ranar da ta cika 18, ta bar Lissa, ta nufi Rasha don ta cika alkawarin kashe shi. Wannan ne karon farko da ta sa buƙatarta gaba, kuma labarin bai yi mata tafi ba: Lissa ta shiga mummunan hali a bayanta. A Saberiya, da ta yi ido biyu da shi, ta yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, abin da shi da kansa ya sha gargaɗinta a kai, ya kama ta ya tsare, cizonsa ya zame mata kamar ƙwaya. Yarinyar da ke taƙama da ƙarfi ta ga kanta a raunane har tana jiran a cije ta. Daga baya ta fasa gidan yari ta fitar da maƙiyinsu don neman hanyar ceto Dimitri, wanda hakan ya ɓata wa abokinta Eddie makomar aikinsa, sannan a littafin ƙarshe ta kashe mutumin da hannunta cikin hauka, ta zauna da wannan laifi.

Akwai inda za a soki Mead. Dawo da Dimitri cikin hayyacinsa a littafi na biyar ya rage nauyin asarar. Amma ta biya wani ɓangare na bashin, don ya dawo yana tuna duk wanda ya kashe, ya kasa kallon Rose, ya kore ta. Ba a ba su juna ba sai da kowannensu ya koyi yafe wa kansa.

Inda tafiyar Bella ta tsaya

Twilight ya fi duk sauran kasuwa, ya haura kwafi miliyan 100, kuma yana da wurare masu ƙarfi da bai kamata a raina ba. A littafi na biyu, bayan Edward ya tafi, sai mai karatu ya buɗe shafi ya tarar da kalma ɗaya tak, Oktoba. Na gaba Nuwamba, sai Disamba, sai Janairu, babu ko jimla. Da wuya a samu hoton karayar zuciya da ya fi wannan gaskiya a adabin matasa.

Matsalar na wajen biyan farashi. Littafi uku aka yi ana lissafa wa Bella abin da za ta rasa idan ta zama bamfaya: haihuwa, iyayenta, abokinta Jacob, da hankalinta na aƙalla shekara guda saboda ƙishin sabon shiga. A littafi na huɗu, wanda ya sayar da kwafi miliyan 1.3 a ranar farko a 2008, an yafe mata duka. Ta haihu kafin a juya ta. Ta farka da kamun kan da ya ba kowa mamaki. Mahaifinta ya ci gaba da zuwa gidan. Jacob, wanda shi ne ya fi kowa sauyawa a jerin, daga yaro mai fara'a mai gyaran mota zuwa wanda ya bijire wa shugaban garkensu na masu rikiɗa su zama kyarkeci, sai aka ɗaure zuciyarsa ga jaririyar da wani ƙulli na halitta da ba shi da zaɓi a ciki. Babban yaƙin da aka tara jama'a dominsa ya watse da magana. Masu fim ɗin 2012 sun ga giɓin, har suka ƙirƙiro yaƙi suka nuna, daga baya aka ce hangen abin da zai iya faruwa ne. Bella ta ƙara ƙarfi da kyau, amma abin da take so a shafin farko shi take so a na ƙarshe, kuma babu abin da ya fita daga hannunta.

Mugun da ya tuba, da tuban muzuru

Babu irin tauraron da ke da magoya baya kamar mugu mai barkwanci da ake hango alheri a can ƙasan zuciyarsa. Dalilin a fili yake: shi ne ke da tazara mafi tsawo da zai yi tafiya, don haka kowane ɗan taku ana ganinsa. Amma nan ne kuma aka fi yin ha'inci.

Damon Salvatore na shirin talabijin na The Vampire Diaries da tashar CW ta nuna daga 2009 zuwa 2017 misali ne na yadda abin ke lalacewa. A farkon zango na biyu, don Elena, yarinyar da yake so, ta ƙi shi, ya karya wuyan ƙaninta. Wani zoben tsafi ya dawo da yaron, bayan ɗan lokaci kuma aka ci gaba da tafiya tare. Shirin ya ƙara da wata doka, cewa bamfaya na iya kashe tausayinsa kamar fitila ya sake kunnawa. Da zobe da makunni, an cire wa laifi nauyi, tuba ta zama kwan gaba kwan baya har zango takwas.

Kwatanta da Aphrodite ta House of Night. Ta fara a matsayin 'yar gata mai wulaƙanta mutane. An ƙwace mata shugabanci, ƙawaye suka watse, aka ga irin iyayen da suka raine ta, sannan a littafi na uku ta rasa alamar zama bamfaya gaba ɗaya wajen ceton wata da ba ta ma ƙaunarta. Bakinta bai daina kaifi ba har ƙarshe, kuma wannan ne ya sa aka yarda da sauyin. An bar mata halinta, aka juya inda take nufa da shi. Haka Adrian na Mead, ɗan sarauta mashayi, wanda aka gano yana shan giya ne don ya danne haukan da baiwarsa ke jawo masa. Da Rose ta ci amanarsa a littafin ƙarshe, marubuciyar ba ta wanke jarumarta ba, ta bar shi ya tsaya gabanta ya faɗa mata abin da ta yi masa, aka rufe littafin ba su shirya ba.

Abin da ke kashe dogon jeri

Yawancin lalacewar daga kasuwa take farawa. Idan jeri ya samu karɓuwa, kamfani na son ƙari, alhali tauraro ya riga ya gama tafiyarsa. Sai a mayar da shi baya ya sake koyon darasin da ya koya a littafi na biyu. Ko a ƙaro sabon saurayi, soyayyar mutum uku ta zama ta huɗu, kamar yadda masu karatu da yawa suka koka game da Zoey, jarumar jerin House of Night mai littafi 12. Ko a yi ta ƙara wa tauraruwa baiwa har babu abin da zai iya yi mata barazana. Soyayyar mutum uku na aiki ne kawai idan samarin biyu na wakiltar rayuwa biyu da ba za a iya haɗawa ba, kuma zaɓen ɗaya na nufin rasa ɗayan da gaske.

Wani lokaci ma alƙalamin ake ƙwacewa. L. J. Smith ta rubuta The Vampire Diaries ne a matsayin aikin haya, haƙƙin mallaka na hannun kamfanin Alloy Entertainment. A 2011 aka sallame ta, wasu marubuta suka ci gaba da jerin, sunanta na nan a bango. Duk mai nazarin dalilin da ya sa halin tauraro ya karkace a tsakiyar jeri, ya kamata ya fara duba ko hannu ɗaya ne ya rubuta shi.

Gardamar da ba ta mutu ba: kulawa ce ko mallaka?

Masu suka suna nuna abubuwa na zahiri. Edward na shiga ɗakin Bella da dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba. A littafi na uku ya cire wani sashe na injin motarta don kada ta je wurin Jacob. Ya girme ta da kusan shekara 90. Dimitri na da 24, Rose na da 17, kuma malaminta ne. Suna cewa idan aka naɗe irin wannan hali cikin kyau da kalamai masu daɗi, yarinya na iya tashi da ɗaukar sa ido da takura a matsayin so.

Masu karewa na cewa an raina hankalin 'yan mata, sun san bambancin ƙagaggen labari da rayuwa, kuma yawancin tsanar da aka yi wa Twilight tsanar duk abin da 'yan mata ke so ce. Meyer da kanta ta amsa zargin raunin Bella a 2015 da sake rubuta labarin farko, ta mayar da mai rauni namiji, mai shan jinin mace, don ta nuna raunin na ɗan Adam ne a gaban dodo.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma tambayar da ta fi amfani ita ce yadda labarin kansa ya ɗauki halin. Littafin Mead ya kira alaƙar malami da ɗaliba matsala tun farko, taurarin sun san haka, ko da yake daga ƙarshe ya ba su abin da suke so. A Twilight kuwa, da Bella ta ji ana kallonta tana barci, damuwarta ita ce abin da ta faɗa cikin mafarki. Edward ya sassauta takurarsa daga baya, wannan ci gaba ne, sai dai ba a taɓa sa shi ya biya komai a kanta ba. A nan masu suka sun fi ƙarfin hujja.

Abin da ya shafi iyaye da masu rubutu

Uwa ko uban da ɗansu ke karanta waɗannan a waya su sani cewa duba littafin farko bai wadatar ba. Jerin na girma tare da masu karatunsa, abin da ke littafi na huɗu ya fi na farko nauyi nesa. Meyer mabiyar cocin Mormon ce, kuma taurarinta ba su kusanci juna ba sai bayan aure, amma babin haihuwar da ke littafin ƙarshe cike yake da jini da karayar ƙashi. House of Night na da batsa da ashar fiye da sauran. Na Shan kusan babu soyayya, kisa ne da mutuwa a fili. Batun shan jini da rashin mutuwa kuwa, yaro Musulmi ko Kirista ya san inda addininsa ya tsaya, abin da ya fi buƙatar hira shi ne wanda ya yi kama da rayuwa. Tambayar yarinya me za ta ce idan saurayi ya hana ta zuwa wurin ƙawarta don wai yana tsoron abin da zai same ta, ta fi ƙwace wayar amfani.

Marubutanmu na intanet da ke rubuta soyayyar aljani da 'yar Adam suna fuskantar matsala iri ɗaya sak: masoyi mai shekaru ɗaruruwa, mai iko da komai, wanda babu abin da zai koya. Maganin da ya yi aiki a can shi ne a ɗora nauyin sauyi kan wanda zai iya yin asara, a kafa dokar duniyar tun babin farko kada a karya ta don ceton jaruma, a kuma ba sauyin lokacinsa. Sydney Sage ta fara bayyana a littafin Mead na 2009, yarinya 'yar Adam da aka raina kan cewa duk mai alaƙa da jinin bamfaya abin ƙyama ne, har tana fargabar runtsawa a ɗaki ɗaya da Rose cikin jirgin ƙasa. An bi ta sannu a hankali cikin wani sabon jeri da ya fara a 2011: ta zauna da su don aiki, ta ci abinci tare da su, ta yi wa shugabanninta ƙarya don kare su, aka kama ta aka tsare don a wanke mata ƙwaƙwalwa. Sai a littafi na biyar na wannan jeri, a 2014, ta auri Adrian.